A Ɗauke Shi da Ihunsa, ko a Tsaya a Kashe Masa Zafi?

Duk hukumar motocin asibiti da ta san aikinta tana rubuta lokuta huɗu a kan kowace fita: lokacin da aka buga waya, lokacin da mota ta isa wurin, lokacin da ta bar wurin, da lokacin da ta tsaya a ƙofar asibiti. Tazarar da ke tsakanin isa da tashi ita ce shugabanni suka fi zuba wa ido, domin ita kaɗai ce ke hannun ma'aikaci. Cunkoson hanya ba laifinsa ba ne, asibiti ma ba shi ya kai shi nesa ba, amma in ya share minti 25 a durƙushe kan majinyaci, to sai ya yi bayani. Daga nan wata gardama ta samo asali, wadda ta daɗe tana raba kan ma'aikatan agajin gaggawa a Turai da Amurka da Ostireliya: in ka tsaya ka ba wanda ya karye maganin kashe zafi kafin ka ɗaga shi, mintuna nawa ka ci, kuma a jikin wa za su fita?

Ana cin mintuna, wannan babu musu. Abin da nake musu a kansa shi ne ɗaukar kowane minti da daraja ɗaya. Akwai majinyacin da minti biyar za su iya kai shi kabari, akwai kuma wanda minti biyar ɗin nan su ne alheri mafi girma da za a yi masa a ranar. Hukumar da ke auna su biyun da agogo ɗaya tana koya wa ma'aikatanta su ɗauki mutane da ihunsu don takarda ta yi kyau.

Saurin nan yana da asali mai daraja, kada a raina shi. A shekarun 1790 likitan sojan Faransa Dominique Jean Larrey, wanda daga baya ya zama babban likitan tiyata na rundunar Napoleon, ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi masu kutsawa fagen fama su kwaso masu rauni, a zamanin da aka saba barinsu kwance sai ƙura ta lafa. A ƙarni na 20 kuma likita R Adams Cowley na birnin Baltimore a Amurka ya yayata cewa awa ɗaya ta farko bayan mummunan rauni ita ce ke raba rayuwa da mutuwa. Malaman da ke horar da ma'aikata suka yanko minti 10 daga cikin awar, suka ce iyakar zama a wurin haɗari ke nan. Maganar ta shiga littattafai, ta shiga jinin ma'aikata. Sai a 2001 wasu masu bincike biyu, Lerner da Moscati, suka bi sawun wannan awa ɗaya don su ga daga wace ƙidaya ta fito, ba su tarar da gamsasshiyar hujja a ƙarƙashinta ba. Cowley ya faɗi abin da idonsa ya gani a ɗakin tiyata, kuma ya faɗe shi da lafazin da 'yan siyasa za su ji su saki kuɗi.

Faransa ta bi wata hanyar. Tsarin SAMU, wanda Louis Lareng ya assasa a Toulouse a 1968, yana kai likita wurin majinyaci ne, a daidaita shi a inda ya faɗi sannan a tafi. Duniya ta ga wannan tsari da idonta a daren 31 ga Agusta 1997, lokacin da motar Gimbiya Diana ta daki ginshiƙi a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Alma a Paris. Haɗarin ya faru wajen ƙarfe 12:23 na dare, motar asibiti ta bar wurin wajen 1:41, ta isa asibitin Pitié-Salpêtrière da 2:06, tafiyar kusan kilomita 6. Har yau likitoci na jayayya kan wannan dare. An ba ta maganin kwantar da hankali da na kashe zafi kafin a fito da ita daga motar, amma abin da ya cinye lokacin shi ne fitowa da ita, da tsayawar zuciyarta, da sa mata bututun numfashi, da ƙoƙarin ɗago jininta da ke ta sauka. Jijiyar da ta yage tana can cikin ƙirji, inda hannun kowa ba ya kaiwa sai an buɗe. Darasin da masu son sauri suka ɗauka daga irin wannan labari gaskiya ne, sai dai sun faɗaɗa shi har ya haɗiye wanda ƙafarsa kawai ta karye.

Mu duba inda mintunan ke tafiya in za a ba mutum mofin ta jijiya, tunda shi ne tsohon makamin wannan aiki. Sai an tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Sai an auna jininsa, an ƙirga numfashinsa, an tabbatar yana cikin hayyacinsa. Sai an ɗaure hannu an nemi jijiya, kuma jijiyar mai jin sanyi ko mai firgici ko tsohuwar da ta kwana a ƙasa ba ta yarda ta fito da wuri. Sai an buɗe akwati mai makulli, domin doka ta sa mofin cikin magungunan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, abokin aiki ya duba suna da ranar lalacewa, a zuƙa, a tsarma shi. Sannan ba a ɗura shi gaba ɗaya. Kaɗan ake turawa, a jira mintuna, a tambaya, a ƙara. A ƙarshe a rubuta abin da aka bayar da abin da ya rage. Wanda ya bi wannan jerin da kyau zai lura cewa rabon maganin kansa a cikin ɓata lokacin kaɗan ne. Allura da makulli da takarda su ne manyan masu ci.

Akwai kuma tarkon da ke cikin alƙaluman kansu. Idan aka buɗe kundin fita aka ga waɗanda aka ba magani sun fi daɗewa a wurin, da sauri ake cewa maganin ne ya riƙe su. Amma su wa aka fi ba? Wanda ƙarfen mota ya danne wa ƙafa, wanda ya faɗo a bene na uku mai matsattsen tsani, wanda sai mutum huɗu sun taru kafin a motsa shi. Waɗannan za su daɗe ko an ba su ko ba a ba su ba, kuma sau da yawa daɗewar ce ta ba ma'aikaci sararin ba da maganin, yana jiran 'yan kwana-kwana su yanke ƙarfe. Kundin kuma ba ya nuna mintunan da maganin ya fanso. Mutumin da ke ƙanƙame ƙofa yana roƙon kada a taɓa shi, ana lallashinsa ana ja da baya, yana cin lokaci fiye da wanda zafinsa ya lafa ya ce bismillah, ku ɗauka.

Abin da wannan tsoron agogo ya taimaka wajen haifarwa ba abin alfahari ba ne. Wani bincike da aka buga a 2000 daga birnin Akron na jihar Ohio ya duba mutum 1,073 da ake zaton sun karye a hannu ko ƙafa, waɗanda motar asibiti ta ɗauko. Mutum 18 kacal aka ba maganin zafi. Uzurin da aka saba ji shi ne asibiti na kusa, can za a ba shi. Sai dai bincike ya sha nuna cewa wanda ya shiga ɗakin gaggawa ba a ba shi komai a mota ba yakan yi awa ɗaya ko fiye kafin allura ta iso gare shi, domin sai an yi masa rajista, an tantance shi, likita ya samu sarari, an rubuta, an ɗauko. Minti biyar da aka yi rowarsu a bakin titi sun zama awa guda a kan gadon asibiti. Kuma zafi mafi tsanani ba na kwanciya ba ne, na motsi ne: ɗagawa daga ƙasa, saukowa daga bene, kowane rami da taya ta faɗa. Maganin da ya zo bayan wannan duka ya zo bayan an watse.

Likitanci ya daɗe da ɗabi'ar barin mutum da zafinsa saboda wani dalili da ya yi kama da hikima. A 1921 likitan tiyata na Ingila Zachary Cope ya koyar cewa kada a ba mai matsanancin ciwon ciki mofin kafin likita ya duba shi, don kada alamun cutar su ɓuya. An yi shekaru da dama ana bin wannan, mutane na murƙususu suna jiran babban likita, kafin gwaje-gwaje su nuna cewa maganin ba ya hana gane cutar. Ina ganin minti 10 na wurin haɗari ɗan'uwan wancan ne.

To me ƙidaya ta ce game da mintunan kansu? A 2010 Craig Newgard da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin mutum 3,656 masu munanan raunuka a Amurka da Kanada. Sun duba lokacin isa, da na zama a wurin, da na tafiya asibiti, ba su ga ɗayansu yana da alaƙa da yawan mace-mace ba. Kada a yi saurin murna, domin wani binciken na 2013 daga kudancin California, wanda ya duba sama da mutum 19,000, ya raba raunukan gida biyu. Ga waɗanda aka harba ko aka daɓa wa wuƙa, zaman minti 20 ko fiye a wurin ya zo tare da ƙarin mutuwa a fili. Ga waɗanda rauninsu na buguwa ne, kamar faɗuwa da haɗarin mota, ba a ga hakan ba. 'Yan sandan Philadelphia sun daɗe da gane rabin farko na wannan magana: suna jefa wanda aka harba a bayan motar sintiri su ruga asibiti ba tare da jiran motar asibiti ba, kuma binciken da aka yi bai nuna waɗanda suka ɗauko sun fi mutuwa ba.

Ke nan layin a bayyane yake ga mafi yawan majinyata. Wanda jini ke zuba a cikinsa ko ƙirjinsa, wanda zuciyarsa ta toshe, wanda alamun shanyewar ɓarin jiki suka bayyana gare shi, maganinsa na asibiti, kuma duk abin da za a yi masa a yi shi mota na tafiya. Ƙwararren ma'aikaci na iya kama jijiya a cikin mota mai gudu. Amma mafi yawan masu kukan zafi ba waɗannan ba ne. Ɗauki tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, wadda ita ce abincin yau da kullum na motocin asibiti a Ingila. Ƙa'idar can ita ce a yi mata tiyata a ranar da ta shigo ko washegari, ana auna asibitoci da awa 36. Wane hankali ne zai sa a sauko da ita daga bene tana kururuwa don a tsimi minti bakwai daga cikin awa 36? A can Ingilar kuwa, inda ƙa'ida ta ce a karɓi majinyaci daga hannun ma'aikatan mota cikin minti 15, an yi hunturun da motoci suka riƙa yin layi a ƙofar asibiti fiye da awa ɗaya da majinyata a ciki, musamman a ƙarshen 2022. Ana tsawata wa ma'aikaci kan mintunan da ya yi a falon tsohuwa, ga awannin da zai yi a filin ajiye motoci ba mai tsawatarwa.

Sai dai ba zan ce masu sauri ba su da abin faɗa ba, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ba kullum ake gane mai zubar jini a ciki ba. Ƙashin cinya ɗaya in ya karye yana iya ɓoye jini fiye da lita ɗaya a cikin tsoka. Ƙashin ƙugu ya fi haka. Matashi mai ƙarfi na iya riƙe awon jininsa daidai, yana magana yana ba da lambar wayar gida, sai can ya rushe lokaci ɗaya. Kuma ƙafar da ke sa shi ihu tana iya janye hankalin kowa daga saifar da ta fashe ba ta cewa komai. Mofin kansa yana sauke jini, yana rage numfashi, yana sa amai ga wanda ke ɗaure a kan gado yana kallon sama. Henry Beecher, likitan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya bayyana yadda ake yi wa sojan da ya zubar da jini cikin sanyi allurar mofin a ƙarƙashin fata, jini ba ya zagawa balle ya ɗauke ta, sai a ƙara ta biyu da ta uku. In an kai shi sansani ya ji ɗumi, jini ya dawo, duka su taso masa gaba ɗaya. Wannan tsoron na gaskiya ne. Amsarsa ita ce ma'aikaci ya fara da tambayar ko wannan mutum na zubar da jini, ya duba yadda haɗarin ya faru da launin fatarsa da saurin bugun zuciyarsa, in ya yi shakka ya tafi. Amsarsa ba hana kowa magani ba ce.

Tunda allura ce ke cin lokaci, hanya mafi sauƙi ita ce a kewaye ta, kuma an daɗe da sanin yadda ake yi. Entonox, wato iskar sa dariya rabi da iskar numfashi rabi, ta shiga motocin asibiti a yankin Bristol tun wajen 1970 da ƙoƙarin likita Peter Baskett. Majinyaci ne ke riƙe abin shaƙar da kansa, in ya fara jiri hannunsa ya saki. Aibinta tukunyar na da nauyi, kuma ba a ba wanda iska ta taru masa a ƙirji. Ostireliya ta fi shekara 40 tana amfani da wani koren bututu mai kama da usur, Penthrox, wanda ake zuba wa mililita 3 na magani, mutum ya zuƙa sau shida zuwa goma ya fara jin sauƙi, ya riƙe shi kusan rabin awa. Turai ba ta karɓe shi ba sai wajen 2015, kuma ba a ba mai ciwon ƙoda. Akwai fentanil da ake fesawa a hanci, wanda ya zama rahama ga yara, tunda neman jijiyar yaron da ya ƙone yana kuka azaba ce ta biyu. Sojan Amurka kuma sun riƙa ba mai rauni fentanil a siffar alawa mai tsinke, a manna tsinken a yatsansa, in barci ya ɗauke shi hannun ya faɗi alawar ta fita daga baki. Duk waɗannan ana iya fara su cikin minti ɗaya ko biyu, yayin da abokin aiki ke shirya gadon ɗauka. Da hukumomi za su ƙara lokaci na biyar a takardarsu, wato lokacin da aka fara rage wa mutum zafi, da sun ga wannan bambanci da kansu.

Ketamin na da nasa matsayi. Ba ya sauke jini ko danne numfashi kamar mofin, ana iya yin allurarsa a tsoka, shi ya sa ake son sa ga wanda ya zubar da jini. Amma yana sa wasu sambatu da gane-gane, kuma wani babban gwaji da aka yi da ma'aikatan motocin West Midlands da Yorkshire a Ingila bai nuna ya fi mofin kashe zafi ba. Darajarsa tana wajen wanda za a iya ba shi, da inda za a iya kai shi.

Wannan "inda" shi ya kawo maganar gida. Duk gardamar nan an gina ta ne a biranen da asibiti ke nisan minti 10 ko 15. Idan tafiyar ta awa uku ce a kan hanya mai ramuka, lissafin ya juye, minti biyar na shiri ba su kai a yi musu a kansu ba. Likitan Norway Hans Husum da abokansa sun gwada hakan a arewacin Iraƙi da Kambodiya, yankunan nakiyoyin da aka binne, inda kai mai rauni asibiti ke ɗaukar awanni. Sun horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye da talakawan gari yadda ake buɗe hanyar numfashi, da tsayar da jini, da ɗumama jiki, suka ba ma'aikatan ketamin. Rahotonsu na 2003 ya nuna mace-macen masu rauni sun sauko daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan 15. Ba ketamin kaɗai ya yi wannan ba, amma ba wanda ya ce tsayawa ba da shi ya kashe wani.

A Nijeriya mafi yawan waɗanda haɗari ya rutsa da su a hanyar Kaduna zuwa Abuja ko Kano zuwa Maiduguri ba motar asibiti ke kwasarsu ba. Direbobin haya ne, da masu wucewa, da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a bayan a-kori-kura ko cikin A Daidaita Sahu, ƙafar da ta karye na reto. A nan zaman wurin haɗari gajere ne ƙwarai, ba don ƙwarewa ba, don babu abin da za a tsaya a yi. Legas na da motocinta na LASAMBUS tun 2001, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa na NEMSAS a 2022, Gana kuma ta raba sababbin motoci 307 a 2020. Fargabata ita ce a kwafo minti 10 na Baltimore a liƙa wa ma'aikacin da ke ɗauko mai karaya daga ƙauye zuwa asibitin ƙashi na Dala. Ga kuma wani shingen. Kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa mofin da makamantansa da Nijeriya ke samu bai wuce kashi 0.2 cikin 100 na abin da majinyatanta ke buƙata ba. Bayan annobar tiramadol da haramta maganin tari mai kodin a 2018, duk shugaban da aka ce masa a sa irin wannan magani a mota sai gabansa ya faɗi, kuma yana da dalili. Maganin wannan fargaba akwati mai makulli ne, da kundi, da likitan da ake kira a waya kafin a buɗe, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe.

Kafin a kai can, akwai maganin zafin da ya girmi duk waɗannan, wanda masu ɗorin gargajiya ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa: hana karyayyen ƙashi motsi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan likita Robert Jones ya sa sojan Birtaniya sun rungumi ƙarfen ɗaure cinya na Thomas wajen 1916, mutuwar masu karayar cinya ta sauko daga abin da ake ƙiyastawa kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Ɗauri yana rage zafi, yana rage zubar jini, yana cin minti biyu ko uku. A Gana, Charles Mock da abokan aikinsa na Kumasi sun koya wa direbobin haya 335 agajin farko a darasin awa shida, har da ɗaure karaya da abin da ke kusa, kuma da aka koma aka tambaye su daga baya, an tarar da yawa sun yi aiki da shi a kan hanya. Tashoshin motarmu cike suke da irin waɗannan direbobi, kuma suna da ƙungiya mai shugabanni da za a iya zama da su. Kwali, da sanda biyu, da rawani ko ɗankwali, da wanda ya san ya ɗaure sama da karayar da ƙasanta kafin a ce a ɗaga. Wannan ba ya jiran izinin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA.